Sati na 11: na rage kwanakin wahala, sai ga ƙarfe ya fara tashi

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana. Yau sati goma sha ɗaya kenan da na fara motsa jikin nan da gaske, ba irin na da ba da zan yi kwana uku in ɓace wata biyu, kuma tunda na yi alkawarin zan riƙa faɗa muku mai daɗi da mara daɗi to bari in fara da mara daɗin.

Sati biyar na farko kwana shida nake fita, wani satin ma bakwai cif, kuma duk fitar da zan yi in ban jiƙe sharkaf ina haki kamar zan shiɗe ba sai in ji kamar ban yi komai ba. Yau ƙarfe gobe gudu jibi in haɗa su duka. A tunanina in kwana uku na kawo riba to shida ai ninki biyu ne. Ashe ba haka jiki yake lissafi ba.

Sikwat, wato tsugunnawa da miƙewa ɗauke da ƙarfe, shi ne ya fara tona min asiri. A sati na uku ina ɗaga kilo 50 sau takwas ba wani tashin hankali, a sati na biyar kilo 50 ɗin nan dai, shi ɗin dai, da ƙyar nake kai shida gwiwa na rawa. Wata safiya na zo sauka daga bene wallahi sai da na juya na riƙe ƙarfen gefe na dinga sauka da baya da baya kamar ɗan shekara tamanin, cinyoyin nan sun yi tsami in ka taɓa kamar ƙurji. Shi tsamin jiki ba abin tsoro ba ne a karan kansa, yakan fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72 bayan aiki, kuma aikin da tsoka take yi tana miƙewa da nauyi a kanta, irin lokacin da kake tsugunnawa a hankali ko kake gangara, shi ya fi kawo shi, shi ya sa saukar bene ta fi hawa azaba. Matsalar ita ce ni nawa ba ya tafiya, kafin na Litinin ya saki na ɗora masa na Laraba. Ga barci ya lalace, ga saurin fushi, ƙwaurina na hagu kuma ya fara zugi in na yi gudu.

Abin da ya sa na yarda dole sai da na ga lamba. Kullum da na farka kafin in sauko daga gado nakan ɗora yatsu biyu a wuyan hannu in ƙirga bugun zuciya na sakan 30 in ninka biyu in rubuta a ɗan littafina. Da farko 62, 63 nake samu. A sati na biyar kwana huɗu a jere ina ganin 70, 71. Ba zazzaɓi ba komai, gajiya ce kawai ta taru ta yi min katutu.

To a nan na zauna na gane abu biyu ne a hannuna, yawan fita da tsananin aiki, ni kuma na murɗa su duka har ƙarshe lokaci ɗaya, alhali taura biyu ba ta taunuwa. In za ka fita kullum to yawancin kwanakin su zama masu sauƙi, in kuma kowace fita sai ka ƙure kanka to dole kwanakin su ragu. Har ma ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 haka ta nuna in ka lura, ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a sati, KO minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, ko a gauraya, sannan aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Wato minti ɗaya na mai zafi yana tsayawa a madadin biyu na matsakaici. Ni na karanta "ko" ɗin nan a matsayin "da", har na ƙara nawa a kai.

Kuma wani abin haushin, da na duba da kyau kwanakin da nake kira masu tsanani ma ba su kai tsananin ba, saboda gajiya ba ta bari, na sauƙin kuma ba su da sauƙi saboda zumuɗi ba ya bari. Duk sati a tsakiya nake, wahala mai yawa riba kaɗan. Akwai wani mai bincike Stephen Seiler, Ba'amurke ne amma a Norway yake aiki, ya bi diddigin yadda manyan 'yan tseren dogon zango suke atisaye ya ga kusan kashi 80 cikin ɗari na fitarsu mai sauƙi ce, sauran 20 ɗin ne ake zuba wuta. Mutanen da gudu ne sana'arsu fa kenan. Ni da tumbina ina ganin sassarfa raini ce.

Daga sati na shida na yi kwana huɗu ban taɓa komai ba sai tafiya, sannan na sake tsari. Ƙarfe Litinin da Alhamis, jiki duka, seti uku uku, wato zubi uku na kowane motsi, kuma ina tsayawa ne ina jin da sauran ɗagawa biyu ko uku a hannuna, ba sai ƙarfe ya ƙi tashi ba. Tazarar nan da gangan ce, tsokar da ta sha wuya a bar mata aƙalla awa 48 kafin a dawo kanta, domin ba a cikin jim take girma ba, a wurin hutu da barci take gyara kanta. Talata da Juma'a sassarfa ko tafiyar sauri minti 35 zuwa 40, Asabar ita kaɗai ce ranar wuta, Laraba da Lahadi hutu.

Ranakun sauƙin nan su suka fi ba ni wahala, ba a jiki ba, a zuciya. Ma'aunin da nake amfani da shi magana ce, in zan iya faɗin jimla cikakkiya ina gudu to daidai nake, in kalma biyu uku kawai ke fita kafin in ja numfashi to na zarce. Ni kaɗai nake fita don haka ƙirga nake yi a fili daga ɗaya zuwa goma sha biyar, mutane na kallona kamar mai taɓin hankali, wani dattijo ma ya wuce ni fuu da gudunsa ya waigo, na ji kamar in bi shi in nuna masa, na daure. Masu agogon hannu za su iya amfani da lissafin nan na ƙololuwar bugun zuciya a minti ɗaya, wato 220 a debe shekaru, ni 34 ne da ni sai ya ba da 186, ranar sauƙi ina ƙoƙarin kada in haura 130 da 'yan kai. Amma ƙiyasi ne kawai fa, mutum biyu sa'anni na iya bambanta sosai, kar wani ya riƙe shi kamar doka.

Ranar Asabar kuwa gudu mai ƙarfi na minti ɗaya, tafiya minti biyu, sau shida. Na gwada Tabata sau ɗaya, sakan 20 aiki sakan 10 hutu sau takwas, minti huɗu kacal. Sunan wani masani ɗan Japan ne Izumi Tabata da ya wallafa bincikensa a 1996, kuma a kan keken atisaye aka yi shi da ƙarfin da yawancinmu ba ma kusantarsa, so wanda ya ce muku yana Tabata na minti 40 kullum wani abu dai yake yi daban. Ni a zagaye na biyar na zauna a ƙasa.

Yanzu ga inda lambobi suke. Sikwat kilo 62.5 sau takwas, fires-of (press-up, na dafa ƙasa da hannu ana sauka ana tashi) daga 14 ya koma 26 a zubi ɗaya, bugun safe ya sauko 59 zuwa 60, ƙwauri ya daina zugi tun sati na takwas. Sikeli kam bai wani motsa ba, kilo ɗaya da rabi kawai, amma bel ya shiga rami ɗaya. Wanda burinsa rage ƙiba ne zan ce ya fi buƙatar yawan fita mai sauƙi da lura da abin da yake ci, mai neman ƙwanji kuma ya matsa wa nauyi ya ba hutu haƙƙinsa, tsarina na mai son kaɗan daga kowanne ne.

Abin da ban warware ba shi ne agarata ta dama, da safe takan ɗan riƙe na 'yan mintuna kafin ta saki. Jijiyoyi irin wannan sun fi tsoka jinkirin sabawa da nauyi, don haka ina zargin gudun Asabar ne na yi wa gaggawa. Sati mai zuwa zan rage komai, seti biyu maimakon uku, Asabar kuma keke zan hau a madadin gudu, in bayan sati biyu ba ta saki ba sai in kai ta a duba. Wanda a cikinku yake haɗa ƙarfe da gudu, dan Allah kwana nawa kake bari tsakanin ranar ƙafa da ranar wuta? Nawa biyu ne kuma ina jin kamar bai isa ba.