Yadda muka shawo kan birkin gaban tsohuwar Beetle

Motar Volkswagen Beetle ce, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a masana'antar Ojo da ke kan hanyar Badagry tun daga 1975. Kawuna ne ya bar min ita da ya tattara ya koma Kano. Inji lafiya lau, giya na shiga ba gardama. Birkin gaba ne ya hana ni sakewa. Da ka ɗan ɗora ƙafa sai ta cafke, hancinta ya duƙa, sitiyari ya fizge hagu, wani sa'in har taya ta yi ƙara a kwalta. A gosulon Oshodi, inda danfo ke manne da bayanka, motar da ke tsayawa fiye da yadda ka nema kusan haɗarinsu ɗaya da marar birki.

Duk wanda na faɗa wa sai ya ce danshin Legas ne. Akwai gaskiya a ciki. Da damina idan mota ta kwana a waje, tsatsa kan ɗan lulluɓe cikin dram, wato kwanon ƙarfen da ke juyawa tare da taya, shi ma layinin birkin, wato abin da ke gogar dram ɗin, yana shan danshi, sai ta cafke da safe. Amma irin wannan da an taka kaɗan ƙarfe ya yi ɗumi yake wucewa. Tawa kuwa ko rana ta take, ko na yi tafiya mai nisa, halinta bai canzawa.

Na kai ta wurin wani dattijon makaniki a Agege, wanda ya yi zamani da waɗannan motoci tun suna sababbi. Bai taɓa sifana ba sai da ya zagaya da ita layin, ya dawo ya dafa tayoyin gaba ɗaya bayan ɗaya. Ta hagu ta fi zafi.

"Ɗana, wa ya taɓa maka birkin nan?"

"Baba, Kawu ya ce an sa sabon shu kafin ya ba ni."

"To a nan za mu fara."

Beetle irin tawa dram ne gaba da baya, babu faifai. Shu biyu ne a kowace taya, wato lanƙwasassun ƙarafan da aka manna wa layinin, silinda ɗaya mai aiki da man birki ke tura su jikin dram. Abin da ban sani ba sai a ranar shi ne, ɗaya daga cikin shu ɗin juyawar dram ce ke ƙara janyo shi tana matse shi. Wato birkin na taimakon kansa, shi ya sa motar ba ta buƙatar na'urar ƙara ƙarfin birki. Amma wannan taimakon ne ke zama fitina idan wani abu ya ƙara wa shu kamu ko ya sa bakinsa ya fara taɓa ƙarfe: sai ya dunƙule ya kulle kafin ƙafarka ta yi shawara.

Cire dram ɗin hagu na da nasa sirri. Wayar sifido ta nan take bi, sai an zare 'yar makullinta a kan murfin giris, kuma notin wannan ɓangaren baibai yake kwancewa. Yaron Baba ya sa ƙarfi ta hanyar da aka saba, Baba ya daka masa tsawa. Da aka buɗe, bai bari an hure ƙurar da iska ba, tsumma mai jiƙa aka sa, don tsofaffin layinin da yawa da asbestos aka yi su, ƙurarsa kuma tana lalata huhu.

Ya ɗaga robar bakin silinda da ɗan yatsa, sai ga jiƙa. Man birki na tsiyaya kaɗan kaɗan, ya yi wa layinin baƙin tabo mai danƙo. Ni a tunanina santsi man yake kawowa. Idan ya yi yawa haka ne, amma ɗan kaɗan da ya gauraya da ƙura danƙo yake zama, ya riƙa kamawa. Na tambaya ko a wanke da fetur. Baba ya ce layinin da ya sha mai ya gama aiki, ko ka wanke, da ya yi zafi man zai sake tsatsafowa.

Sai aikin alli, wanda shi ne ya fi burge ni. Na sayo sababbin shu na ɓangare biyu a kasuwar Ladipo, da silinda biyu da tiyon roba biyu. Baba ya goga alli a fuskar shu, ya kwantar da shi cikin dram ya murza. Allin ya goge a bakuna biyu kawai, tsakiya fari fat. Ma'ana lanƙwasar shu da ta dram ba su dace ba, baki ke cin ƙarfe. Dram ɗin Beetle milimita 230 ne yana sabo, iyakar cinyewarsa 231.5, kuma shu na kasuwa ba lallai ya zauna daidai ba ko a wanda bai kai iyaka ba. Ya zauna a benci da samfefa yana ragewa yana gwadawa, har alli ya riƙa gogewa kusan ko'ina. Daga nan ya ɗan fere bakin kowane layinin da fayil, don kada kaifin ya tsaya cak ya tokare. Da muka yi wa tsofaffin shu na dama wannan gwaji, su ma baki kawai suke ci, ko da yake babu mai a jikinsu. Cafkar ta ɓangare biyu ce, man ne ya sa hagu ta fi.

Tiyon hagu a ido lafiya yake. Da Baba ya yanka shi, ramin ciki ya kumbura ya tsuke. Mai na wucewa da ƙarfin ƙafa, dawowa ke masa wuya, shu ya zauna yana gogar dram. Zafin da ya ji da hannu daga nan yake. Sifirin masu dawo da shu ma an canza, boris aka ɗaure daidai don kada dram ya riƙa rawa.

Saiti bai ɗauki lokaci ba. Taurari biyu ne a kowace taya, wato 'yan notocin saiti masu haƙora, a murza har taya ta kama, a taka birki shu ya zauna, a dawo baya haƙori uku ko huɗu. Aka zubar da tsohon mai baki ɗaya, wanda ya koma kalar shayi saboda ruwan da ya sha, aka zuba sabon man birki na DOT 4, aka fitar da iska.

Baba ya ce kada in yi mata takun gaggawa sai shu ya saba da dram, in kuma dawo a sake saiti bayan ta ɗan yi tafiya. Yanzu tana tsayawa a miƙe, gwargwadon yadda na taka. Da safen damina takan ɗan cafke a takun farko, don haka nakan ɗora ƙafa a hankali a cikin layinmu kafin in hau babban titi.