Wasiƙa daga Landan: attajirin Bruges da telan Bergamo

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ku da iyali baki ɗaya.

Ranar Asabar na shiga gidan zane-zane na National Gallery da ke dandalin Trafalgar, inda ba a karɓar ko sisi a ƙofa. Wani ɗan zane ne ya fara tsayar da ni, tsayinsa bai kai mita ɗaya ba, aikin Jan van Eyck a 1434. Wanda aka zana ɗan kasuwa ne mai suna Arnolfini, ɗan asalin Lucca ta Italiya, mazaunin Bruges a Beljiyam ta yau, tsaye da matarsa a ɗaki.

Babu tsabar kuɗi ko ɗaya a zanen, amma duk inda ido ya sauka arziki ne. Rigar matar koriya ce ta ulu, yadi kan yadi har ya kwanta a ƙasa, ta tattaro wani ta riƙe a gabanta, shi ya sa mutane ke zaton juna biyu gare ta. Rigunansu duka an yi musu baki da fata mai gashi. Kusa da taga ga lemu an ajiye kamar ba wani abu ba, alhali daga ƙasashen kudu ake kawo shi da tsada. Mu da muka san babbar riga mai aska takwas ba sai an yi mana tafinta ba, mun san abin da yawan yadi ke faɗa. A saman madubin da ke bangon baya kuwa, mai zanen ya rubuta da Latin cewa shi ma yana wurin.

Amma wanda ya fi shiga raina tela ne. Giovanni Battista Moroni na yankin Bergamo ta Italiya ya zana shi wajen 1570, lokacin da sarakuna, manyan malaman coci da attajirai aka saba zanawa. Almakashi a hannunsa, baƙin yadi a kan tebur an ja masa layi da alli, ya karkato kai yana kallonka kamar ka shigo shago ka katse masa aiki. Ba ya neman burge kowa, mutumin da ya san hannunsa ne.

Na daɗe a gabansa ina tuna telan unguwarmu a daren sallah, fitila a kan keke, mu yara a layi muna jiran ɗinki.

A gaida mutanen gida da kyau.

Ɗan'uwanku a Landan