Darussa daga aikin auna haɗarin baƙin tsirrai

Kuskuren da ya fi cin mutane a wannan aiki shi ne a ɗauko jerin tsirran ƙasa kaf, a duba ko baƙon tsiron da ake son shigowa da shi yana da ɗan'uwa a ciki, a yanke hukunci a kan haka kawai. Fom gurbi ɗaya gare shi, mai sa hannu kuma "e" ko "a'a" yake so kafin a tashi aiki. Wanda ya ce masa amsar ta danganta da faɗin wurin da ake magana a kai, sai a ce ɓata lokaci yake yi. Alhali tun 1859 maganar nan baki biyu gare ta.

A wannan shekarar masanin halittu Charles Darwin ya duba lissafin masanin tsirrai Asa Gray na arewacin ƙasar Amurka, ya ga baƙin tsirrai 260 da suka zauna, wato suke hayayyafa da kansu a can, sun fito daga dangi 162 (dangi shi ne rukunin tsirrai 'yan'uwa na kusa), kuma 100 daga cikin dangogin nan ba su da ko wakili ɗaya a cikin 'yan ƙasa. Dalilinsa shi ne 'yan'uwa na kusa buƙatarsu ɗaya, don haka ɗan gida zai danne baƙon da ya yi kama da shi. Amma shi da kansa ya yarda ana iya zaton akasin haka, tunda ɗan'uwan ɗan gida ya zo da gadon jure irin wannan sanyi da fari da ƙasa. A 2002 masu bincike Duncan da Williams suka samu cewa a New Zealand tsirran da ke da dangi a ƙasar sun fi saurin zama. A 2006 Strauss da abokan aikinta suka samu cewa a Kalifoniya ciyayin da suka fi mamaya su ne masu nisan dangantaka da 'yan gida.

Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, tambayar ce ba ɗaya ba. Gasa tana faruwa ne inda saiwa ke taɓa saiwa, a fili kamar murabba'in mita ɗaya. Yanayi kuwa yana tace tsirrai a faɗin yanki. Tsiro biyu suna iya zama a jerin ƙasa ɗaya alhali ɗaya na kan dutse, ɗaya na bakin teku, ba su taɓa haɗuwa ba. Haka kuma zama daban, yaɗuwa daban, ɓarna daban. Duk rahoton da bai faɗi faɗin wuri da matakin da yake aunawa ba, a ganina bai kamata ya wuce tebur ba.

A lissafa nisa iri biyu: zuwa ɗan'uwa mafi kusa, da matsakaicin nisa zuwa dukan tsirran wurin. Sau da yawa ba sa nuna hanya ɗaya. A yi amfani da bishiyar dangantaka ta DNA mai nuna shekarun da tsirrai suka rabu da juna, domin sunan dangi ba ma'auni ba ne. Wani dangin ya girmi wani nesa ba kusa ba. A kuma nemo jerin waɗanda aka shigo da su suka mutu. Idan babu shi, masu nasara kaɗai ake ƙirgawa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ɗaukar baƙo mai dangi a matsayin mara haɗari. Kama da wane ba ta wane. Ciyawar Spartina alterniflora ta Amurka ta yi barbara da 'yar'uwarta 'yar gida Spartina maritima a kusa da Southampton ta Ingila wajejen 1870, daga nan aka samu Spartina anglica, wadda ta fi iyayenta mamaye bakin teku. Baƙon kurege mai ruwan toka ya kai wa jan kuregen Birtaniya cutar da shi ba ta cika kashe shi ba. Ƙwaron Cactoblastis, wanda aka saki da gangan, ya murƙushe baƙon tsiro mai ƙaya da ake kira Opuntia a Ostireliya ba tare da ɓarna ba saboda babu danginta na asali a can, amma da ya isa Florida a 1989 sai ya faɗa wa Opuntia 'yan gida. Shi ya sa gwajin ƙwaron da za a saki don ya cinye baƙon tsiro yake farawa daga dangi mafi kusa, a riƙa matsawa zuwa na nesa.

Sauran gajeru ne. A tambayi yawan irin da aka shigo da shi da sau nawa aka shigo da shi, domin wannan yakan rinjayi dangantaka. A tambayi ko tsiron ya taɓa mamaye wani wuri mai irin wannan yanayi. Shirun shekara ashirin kuma kada ya sa a rufe fayil, don akwai itatuwan da suka kwashe fiye da shekara 100 kafin su fara yaɗuwa.