Kurmin Kuros Riba

Mu nan Jos in an ce daji sai mu tuna duwatsun Shere, amma fa ainihin kurmi yana can Kuros Riba, inda ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, bishiyoyi sun rufe sama ruf har rana da ƙyar take taɓa ƙasa, ganye ya faɗo nan da nan ya ruɓe saboda laima. A 1991 aka mayar da wani ɓangare na kurmin gandun daji na ƙasa.

Akwai wani irin gorila da babu shi ko'ina sai iyakar Najeriya da Kamaru, ba su ma kai 300 ba, wallahi abin tausayi. Masu sarar katako da mafarauta sun hana su sakat, ga gonakin koko suna ta cin dajin.