Kaset ɗin Inna ya yi daidai, ashe gudu ne matsalar

Jama'a masu juya kaset zuwa waya, yau dai Allah ya yi! Kun san fama nake da buhun kaset ɗin kakarmu, yawanci kiɗan ƙwarya ne da na kalangu da marigayi kakanmu ya riƙa ɗauka daga rediyon Kaduna wajen 1980. Ciwon mantuwa ya yi wa kakar tamu, Inna, nisa, daga la'asar zuwa magariba sai ta rikice ta ce a kai ta gida alhali tana ɗakinta. Likita ne ya ce a gwada mata waƙoƙin ƙuruciyarta, wai abin da mutum ya ji tsakanin shekara 10 zuwa 30 ya fi zama a kai, kuma waƙa na cikin abubuwan da cutar ba ta saurin gogewa.

To na juya na sa mata, ta ɗan saurari muryar mawaƙiyar ta ce "wannan wace yarinya ce?" Matar da ta haddace waƙoƙinta fa! Na zaci ƙarar shuu ɗin da kaset ke yi ce ta dame ta, na yi ta rage ƙara a Audacity, manhajar gyaran sauti a kwamfuta, har ƙwaryar ta koma kamar ana kaɗa ta cikin ruwa, na fasa. Na canza bel ɗin da ke juya kaset a dek, wato na'urar kunna kaset, naira 4,000 a kan wannan 'yar robar wlh har yanzu tana min ciwo, na goge hed, wato ƙarfen da ke karanta zaren kaset, da sipirit, duk a banza. Ashe dek ɗin da na saya na hannu gudu yake fiye da ƙima, murya ta sirance, ni da ban san asalinta ba ban ji komai ba amma kunnen Inna ya kama.

Abin da ya cece ni gurnanin wuta ne, wancan huuum da ke ƙarƙashin waƙar tun ranar da aka ɗauka. Wutarmu 50 Hz ce, wato gurnaninta sau 50 ya kamata ya kaɗa a daƙiƙa, na zare caja na bar kwamfuta a batir don kar sabon gurnani ya shigo, na duba wurin da ba kiɗa sai ga shi a 53. Kenan sai an rage gudu wajen kashi 6 cikin 100. Ku kula, a Audacity Change Speed (sauya gudu) za ku taɓa ba Tempo ba, Tempo ba ya sauke murya. Wutar ba kullum take tsayawa a 50 cif ba amma ta kai ni kusa, sauran na ƙarasa da kunnen gwaggona.

Jiya bayan la'asar na kunna, kafin 'yan amshi su shigo Inna ta riga su, tana buga cinya da tafi, har ta ce wa gwaggo a bikin wance aka yi wannan. Ba warkewa ta yi ba, anjima ta sake tambayar wane ne ni, amma magariba ta wuce ba rigima. Shuu ɗin na bar mata shi, da muryar mai gabatarwa.

Saura kaset ɗin C120 ɗin nan, na minti 120, masu siririn zare, dek ya riga ya tauna min ɗaya. Wanda ya taɓa sauya musu gida, wato kwanson robar da zaren ke ciki, ba tare da zaren ya warware ba don Allah ya faɗa min yadda ya yi.