Kuɗin Magani Daban, Diyya Daban

Aikina riƙon sito ne a wuraren gini a nan Abuja. Ni ke ƙirga siminti da rodin da ake kawowa daga Dei-Dei, ni ke rubuta sunayen waɗanda suka yi aiki kowace rana. Saboda littafin nan nawa, duk wanda ya ji ciwo sai maganarsa ta biyo ta hannuna, kuma hanya ɗaya take bi. A kai mutum kemis ko wurin mai ɗori, oga ya aiko da 'yan kuɗi a ambulan, 'yan uwa su yi godiya, a ce ƙaddara ce.

Ƙaddara ce mana. Amma abin da ke cikin ambulan ɗin kuɗin magani ne, haƙƙin mutum yana nan ba a taɓa shi ba.

Tun 2010 Najeriya ke da dokar biyan diyyar ma'aikata, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, ta maye gurbin ta 1987. Hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, wato NSITF, ce ke riƙe da asusun da ake biyan diyyar daga ciki. Mai kamfani ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa, daga aljihunsa, ba a yarda ya cire ko sisi daga albashinka ba. Kuma ba sai ka tabbatar da cewa sakacin oga ne ya jawo ba. Ya isa a ce a kan aiki abin ya same ka. Har hatsarin hanya tsakanin gida da wurin aiki yana ciki, muddin mai aikin ya san inda kake zaune. Masu sammako daga Mararaba da Masaka, wannan taku ce.

Wani birkila da muka yi aiki tare a Lugbe ya zame daga kan dekin, ya faɗo kan tarin bulo, hannunsa na dama ya karye a wuyan hannu. Da na je duba shi a ɗakinsa a Karmo, na tarar an ɗaure hannun da karare da tsumma, yatsun sun kumbura sun yi suntum, yana kai lomar tuwo da hagu rabi na zubewa. Na kawo maganar rubuta takardar rahoton hatsarin. Ya ce, "Yaya, bar maganar nan. Kada a ce na kai ƙarar mai ba ni abinci." Na ce, "Ƙanena, ba ƙara ba ce. Rahoto ne, kuma ba daga aljihun oga za a biya ka ba, daga asusu ne." Da ƙyar ya yarda muka rubuta, ya dangwala da babban yatsan hagu. Sai da na matsa masa kafin ya je asibiti aka yi hoto, don mai ɗori, duk iyawarsa, ba ya ba da takardar da hukuma za ta karɓa.

Inda ake yin asara shi ne lokaci. Kwana 14 gare ka, kai ko wani naka, ka sanar da mai aikin. Shi kuma ya kai rahoto NSITF cikin kwana 7. Neman diyyar kansa cikin shekara 1 ne. Mu kuwa sai an gama jinya, kuɗi sun ƙare, an sayar da babur, sannan a tuna da haƙƙi.

Abin da ake samu ba ƙarami ba ne. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har ba zai ƙara aiki ba, kashi 90 cikin 100 na albashinsa ake ba shi duk wata. Wanda ya rasu ya bar mata da yara biyu ko fiye, su ma kashi 90 ne. In ka fi son kai ƙara, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a nan Abuja, sai dai ba a haɗa biyu: ko diyyar asusu ko shari'a. Kafin ka zaɓa, nemi lauya.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne leburorin yini, masu zama bakin titi da shebur da diga tun asuba suna jiran motar da za ta kwashe su. Dokar ta haɗa da su, har da masu koyon aiki. To amma wa zai shaida sun yi aikin? Ɗan kwangila ya karɓa daga kamfani, ya ba wani, wani ya ba wani, a ƙarshe babu wanda ya san sunan yaron sai "Dogo" ko "Ɗan Katsina". Ƙananan 'yan kwangilar da na yi wa aiki kuwa, da yawansu ko rajista da hukumar ba su yi ba, wanda hakan kansa saɓa doka ne. Shi ya sa ni ba na rubuta laƙabi a littafina. Cikakken suna, lambar waya, unguwa, kwanan wata, kuma wanda ya so ya ɗauki hoton shafin da wayarsa kafin ya hau sama.