Kwarkwasa da Gadon Biri a Kurmin Ngel Nyaki

Takalmin zuwa ofis na hau Mambila da shi, mai santsin ƙasa. Tun ba mu bar Yelwa ba, saurayin da zai yi mini jagora ya dubi ƙafata, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Yallaɓai, da wannan za a shiga kurmi?" Na ce masa ai ni ɗan ƙauye ne, na saba da daji. Bai ƙara cewa uffan ba.

Yelwa ɗan ƙaramin gari ne a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, a kan hanyar da ta hauro daga Serti ta nufi Nguroje da Gembu. Daga nan ake takawa zuwa kurmin. Tafiyar ba ta kai awa guda ba, a kan tuddai masu ciyawa, babu inuwa, sai garken shanu da wata iska mai ratsa ƙashi. Wurin yana da tsayin mita 1,400 zuwa 1,600 daga teku, shi ya sa da safe hazo ke kwanciya a kwari kamar an baza auduga.

Ba ka ganin kurmin sai ka zo bakinsa, domin a gangaren dutse yake. Nan ciyawa, taku biyar gaba kuma duhu, sanyi da warin ruɓaɓɓen ganye. Tun 1969 aka keɓe wurin a matsayin gandun daji, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 46, amma ainihin kurmin mai duhu ɗan yanki ne kawai a ciki. Sauran ciyawa ce da ake cinna wa wuta da rani don sabon toho ya fito wa shanu, kuma wutar ba ta san iyaka ba. Na ga bishiyoyin bakin kurmi da baƙin tabo a gindinsu.

Hanyoyin ciki 'yan sirara ne, mutum ɗaya ke bi, kuma saiwoyi ne matakala. A gangare na biyu takalmina ya ci amanata, na zauna daɓas a laka. Ina ƙoƙarin miƙewa sai jagora ya ce, "Yallaɓai, tashi da sauri, kwarkwasa!" Ashe a gefen layinsu na sauka. Wanda bai taɓa tuɓe wando a tsakiyar daji yana tsince kwarkwasa ɗaya bayan ɗaya ba, ba zai gane ba. Yaron dai ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Na zo ne da tunanin Yankari, inda gwaggon biri ke zuwa har ƙofar ɗaki. A nan ba haka ba ne. Akwai cimfanzi, wato babban biri marar wutsiya, a kurmin, irin da ake samu a Najeriya da Kamaru kaɗai, amma ba su da yawa, kuma ba sa son mutum. Abin da na gani gadonsu ne. Jagora ya tsayar da ni, ya nuna sama da sandarsa: rassa ne aka lanƙwasa aka sarƙe su wuri guda kamar faifai, ganyen ya fara bushewa. Kusan kowane dare sabo suke yi. Ya ce daga launin ganyen ake gane ko kwana nawa ke nan da suka kwana a wurin. Na daɗe ina kallonsa har wuyana ya ƙage.

Birai masu farin hanci kuwa mun ji su kafin mu gan su, namijin yana wani irin kuka kamar tari. A ƙarƙashin bishiyar da suka bari, ƙwallayen 'ya'yan itace ne birjik, an tsotse an yar. Ya ɗauki ɗaya ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce manyan irin nan biri ne ke kai su nesa da uwarsu, idan birai suka ƙare wasu bishiyoyin ba za su yi magaji ba. Wannan na cikin abin da masu bincike ke bi a tashar da Hazel Chapman ta jami'ar Canterbury a New Zealand ta jagoranci kafawa a bakin kurmin. Akwai ma wani fili mai kimanin hekta 20 da aka auna bishiyoyinsa aka sa wa kowace lamba. Na riƙa karanta lambobin kamar ina duba motoci a tasha.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani shinge da aka zagaye ciyawa da shi a bakin kurmi don hana shanu da wuta shiga. A waje ciyawa ce kwance, an kiwace ta tas. A ciki kuma ƙananan bishiyoyi sun fara ɗagowa, wasu sun fi ni tsawo. Ban ga laifin makiyayi ba, shi ma abincin dabbarsa yake nema, amma bambancin ɓangarorin biyu ba ya buƙatar mai bayani.

Mun dawo Yelwa bayan la'asar, laka har gwiwa. Mai shayi ya dubi wandona, ya ce, "Alhaji, an gaisa da kurmi ke nan?" Washegari da sassafe na sayi takalmin roba a Nguroje, na koma.